Kowa da Olsarsa, Amma Wa Ya Leƙa Cikin?

Da wuya ka ƙirga mutum goma a ƙasar Hausa ba ka ci karo da mai cewa yana da olsa ba. Ɗalibar makarantar kwana tana da ita, direban babbar mota yana da ita, haka ma tsohuwar da ta yi sallama da yaji shekara da shekaru. In ka tambayi yadda aka gano, amsar kusan ɗaya ce: ciki ne ke zafi in yunwa ta zo, aka gaya wa mai kemis ko wani ma'aikacin asibiti, shi kuma ya ce olsa ce. Daga ranar mutum ya shiga rayuwar dokoki. Ba yaji, ba tsami, ba soyayye, ba azumin nafila, ga kwalbar farin maganin ruwa a jaka da katin omeprazole a aljihu, an kuma gaya masa ciwon ba ya warkewa, sai dai lallaɓawa.

Kusan kowane yanki na wannan labari yana da gyara. Yawancin masu amsa sunan ba su da gyambo a cikinsu. Waɗanda ke da shi da gaske, mafi yawansu maganin mako biyu zai iya raba su da shi. Sai kaso na uku, wanda ya fi tayar da hankali, wato mutanen da wani ciwo daban ke ci, an lulluɓe shi da sunan olsa har lokaci ya ƙure.

Gyambon ciki, wato olsa ta gaskiya, rauni ne na zahiri da ido ke gani, ko dai a bangon tumbi ko a farkon ƙaramin hanji, inda abinci ke faɗawa in ya bar tumbi. Tumbin mutum kan fitar da ruwan narkar da abinci wajen lita ɗaya da rabi zuwa biyu a kullum, ruwan kuma yana ɗauke da asid mai ƙarfin narkar da nama. Abin da ya hana shi cin tumbin kansa shi ne wani yauƙi mai kauri da ya shafe bangon, da wani sinadari a ƙarƙashin yauƙin mai kashe kaifin asid, da jinin da ke gudana yana gyara duk inda ya ƙuje. Kamar yaɓen katangar ƙasa ne, muddin yana nan damina za ta zo ta wuce, in kuwa ya zube a wani wuri, ta nan ruwa zai fara ci.

Tsofaffin littattafan likitanci sun koyar da cewa ana iya gane gyambo daga bakin maras lafiya: na hanji yana tashi da yunwa da tsakar dare ya lafa in an ci abinci, na tumbi kuma abincin ne ke tayar da shi. Da na'urar leƙa ciki ta yawaita, sai aka ga wannan rabe-rabe bai cika tsayawa ba. A binciken da aka yi a ƙasashe da dama, in aka tara masu kukan ciwon saman ciki aka leƙa, masu gyambo ba su cika wuce ɗaya cikin goma ba, mafi rinjaye kuma ba a ganin wani rauni ko kaɗan. A gefe guda, akwai mai gyambo sosai da bai taɓa jin zafi ba, musamman tsofaffi, sai dai kawai wata rana ya yi aman jini. Saboda haka duk ƙwarewar likita, hannunsa da kunnensa ba sa tabbatar da gyambo. Zato kawai suke bayarwa.

Dokokin abincin da muke bi ba mu muka ƙirƙiro su ba, gadon likitancin Turai da Amurka ne na shekara ɗari da suka wuce. A 1910 wani likita mai suna Karl Schwarz ya kafa ƙa'idar cewa in babu asid babu gyambo, kowa kuma ya ɗauka asid ɗin ne kaɗai mai laifi, damuwa da yaji da yunwa su ne masu zuga shi. A 1915 Bertram Sippy na Chicago ya fito da tsarin bai wa maras lafiya madara da kirim duk bayan sa'a guda tare da garin da ke kashe asid. In abin ya faskara sai tiyata, a yanke jijiyar da ke umartar tumbi ya fitar da asid, ko a cire wani yanki na tumbin baki ɗaya. A 1976 maganin cimetidine ya shigo kasuwa, wanda aikin James Black ya haifar, sai ranitidine ya biyo baya da sunan Zantac har ya zama maganin da ya fi kowane ciniki a duniya a ƙarshen shekarun 1980, sannan omeprazole ya fito daga Suwidin a 1988. Waɗannan magunguna, masu rage asid, suna warkar da gyambo ƙwarai. Matsalar ita ce da an daina sha, fiye da rabin mutane gyambonsu kan dawo cikin shekara. Daga nan ne maganar "olsa ba ta warkewa" ta samo tushe, kuma a wancan lokacin gaskiya ce.

Abin da ya rushe ta ya faru ne a birnin Perth na Ostareliya. Tun 1979 Robin Warren, likita mai duba ƙwayar nama a madubin awo, yake ganin wasu ƙwayoyin bakteriya masu lanƙwasa a naman tumbin da ake kawo masa, kullum kuma a inda naman ya kumbura. Ba wanda ya kula shi, domin an riga an yanke hukunci cewa babu abin da ke rayuwa cikin asid. Wani matashin likita, Barry Marshall, ya haɗa kai da shi. Sun yi ta ƙoƙarin raya ƙwayar a ɗakin gwaji abin ya ƙi, saboda ma'aikata kan zubar da farantan bayan kwana biyu in ba su ga komai ba. A hutun Ista na 1982 aka bar wasu faranti suka ƙara kwanaki, da aka dawo sai ga ƙwayar ta tsiro. Ashe jinkirin girma gare ta. Ƙungiyar likitocin ciki ta Ostareliya ta ƙi karɓar takardarsu a taronta na 1983. A 1984 Marshall ya kwankwaɗi ruwan da aka raya ƙwayar a ciki, cikin 'yan kwanaki ya fara amai, aka leƙa aka ga tumbinsa ya kumbura. Ba gyambo ya samu ba, kamar yadda ake yawan faɗa, kumburin bango ne, amma ya isa nuna cewa ƙwayar na kama lafiyayyen tumbi ta ɓata shi. Sai a 1994 hukumar binciken lafiya ta Amurka ta amince a riƙa bai wa masu gyambo maganin kashe ƙwayar, a shekarar ce kuma cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta a sahun farko na abubuwan da ke haddasa daji. A 2005 aka ba Warren da Marshall kyautar Nobel. Ƙwayar ita ce Helicobacter pylori, wadda ake taƙaitawa da H. pylori a takardun gwaji.

Dabararta ta rayuwa tana da muhimmanci, don a kanta aka gina gwajin gano ta. Tana kutsawa cikin yauƙin nan ta ɓoye, sannan ta fitar da wani sinadari da ke farfasa yuriya, wadda jiki da kansa ke samarwa, ya mai da ita ammoniya da iskar kabon. Ammoniyar ce ke kashe asid ɗin da ke kewaye da ita. Jiki kuma ya yi ta yaƙarta bai iya korarta, wannan yaƙin na shekaru shi ke raunana bangon. Galibi ana ɗaukarta ne tun ana yara, kafin shekara goma, a cikin gida, ta miyau ko amai ko ruwa da abincin da najasa ta taɓa. Cunkoson ɗaki da rashin tsabtataccen ruwa ne manyan abokanta. Tsohuwar abokiyar tafiya ce kuma, masu binciken ƙwayoyin gado sun nuna da ita ɗan Adam ya fita daga Afirka wajen shekara 60,000 da suka wuce.

A nan ne lamarin ke rikicewa a wajenmu. Wani babban nazari da aka buga a 2017 ya ƙiyasta mutum biliyan 4.4 ke ɗauke da ƙwayar a duniya, Afirka ce kan gaba da kashi 70 cikin ɗari, Najeriya kuma tana sama da kashi 87. Tun kafin nan, binciken da wani likitan tiyata ɗan Ingila, Holcombe, ya yi da abokan aikinsa a yankin Maiduguri ya sami fiye da mutum takwas cikin goma suna da ita, har da ƙananan yara. Shi ne a 1992 ya yi rubutun da ya shahara a kan abin da ya kira ɗaurin kan Afirka: ga ƙwaya ko'ina, amma gyambo da dajin tumbi ba su kai yadda ake tsammani ba, alhali a Japan da Koriya dajin tumbi na kashe mutane da yawa. An kawo bayanai iri-iri, daga bambancin jinsin ƙwayar zuwa tsutsar ciki da ke sauya yadda jiki ke mayar da martani. Daga baya wasu masana suka ce a bi a hankali, domin a inda ake leƙa ciki sosai a Afirka ana samun gyambo ba kaɗan ba, dajin tumbi kuwa ciwon manya ne, kuma mutumin da ya rasu a ƙauye da ramewa da amai ba ya shiga rajistar kowa. Ni dai bayani na biyun ya fi kwanta mini, ƙarancin ƙirga ba ƙarancin ciwo ba ne.

Duk da haka gaskiya ɗaya ta tsaya: yawancin masu ɗauke da ƙwayar za su rayu su mutu ba ta yi musu komai ba. Wajen ɗaya ko biyu cikin goma ne ke samun gyambo, ɗaya zuwa uku cikin ɗari kuma daji. To in mutum takwas cikin goma a unguwarku suna da ita, takardar da ta ce kana da H. pylori ba ta ce ita ke sa maka ciwo ba. Maƙwabcinka da bai taɓa kukan ciki ba, in aka gwada shi, mai yiwuwa sakamako ɗaya zai karɓa. A Ingila ko Suwidin, inda masu ɗauke da ita ba su da yawa, wannan sakamako na da nauyi. A Kano ko Maraɗi nauyinsa kaɗan ne, sai an haɗa shi da shekarun mutum da alamominsa da magungunan da yake sha.

Gwajin da ya fi yawa a ƙananan ɗakunan awo kuma shi ne mafi rauni, wato na jini, wanda ake ɗiga jini a kan ɗan katin roba. Ba ƙwayar yake gani ba, garkuwar da jiki ya taɓa haɗawa don yaƙarta yake gani, ita kuwa takan zauna a jini shekaru bayan ƙwayar ta mutu. Shi ya sa za ka ga mutum ya sha magani ya kammala, ya koma gwajin jini, a ce masa har yanzu tana nan, ya sake sayen magani, ya sake komawa. Kuɗi na tafiya, hanji na shan wahala, gwajin kuma ba zai taɓa ba shi amsar da yake nema ba. Masu nuna ƙwaya mai rai su ne gwajin bayan gida, wanda ke neman ɓurɓushin jikinta, da gwajin numfashi, inda ake ba mutum yuriya mai alama ya haɗiya, in ƙwayar na nan ta farfasa ta sai alamar ta fito a iskar da ya hura. Na bayan gida ya fi sauƙin samu da araha. Sai dai dukansu suna da sharaɗin da ba kasafai ake gaya wa mutane ba: a dakatar da omeprazole da danginsa mako biyu kafin gwaji, magungunan kashe ƙwayoyin cuta kuma mako huɗu. In ba haka ba ƙwayar takan lafa, gwaji ya ce babu alhali akwai.

Sikanin kuwa, wanda mutane da yawa ke biya wa kuɗi don "a duba olsa", ba ya ganin gyambo. Amfaninsa na hanta ne da maɗaciya da ƙoda da mahaifa.

H. pylori ba ita kaɗai ke huda ciki ba. Sanadi na biyu yana kan teburin mai kemis: diclofenac, ibuprofen, piroxicam da aka fi sani da Feldene, da aspirin. Suna rage ciwo ne ta hanyar toshe wasu sinadarai da ke kai saƙon zafi, sai dai sinadaran nan su ne kuma ke sa tumbi ya fitar da yauƙin da ke kare shi. Wannan aiki ta cikin jini yake faruwa, saboda haka allura ba ta kuɓutar da kowa, cin abinci kafin sha ma sauƙi kawai yake kawowa. Ɗan dako ko manomi ko ɗan acaɓa da ya yini yana aiki, da yamma ya ce a ba shi haɗin ciwon jiki, sau da yawa a cikin ƙullin akwai biyu daga cikin waɗannan, wani lokaci har da dexamethasone, wanda in ya haɗu da su yake ninka haɗarin zubar jini. Tsohuwa mai ciwon gwiwa da ke sha kullum ita ma tana kan wannan layi. In mutum yana da H. pylori kuma yana shan waɗannan, haɗarin ya haɗu biyu. Taba na hana gyambo warkewa, giya na ƙara fusata bango. Paracetamol ba ya cikin wannan dangi, shi ya sa ake mayar da masu ciwon ciki kansa.

Abin da ya sa sunan olsa ba tare da bincike ba yake da haɗari shi ne saman ciki mahaɗa ce, gaɓoɓi da yawa na kai ƙara can. Bugun zuciya kan zo a matsayin ƙunar ciki da gyatsa da zufa, musamman ga mai ciwon suga ko hawan jini, irin wannan mutum awon zuciya yake buƙata a take, ba farin magani ba. Duwatsun maɗaciya kan kawo ciwo a gefen dama bayan cin maiƙo, kuma suna da yawa a wajen masu sikila tun suna matasa. Mace mai tsohon ciki da ta fara jin zafi a ƙarƙashin haƙarƙari tare da ciwon kai da kumburi, wannan na iya zama gargaɗin jijjiga, awon jini ake yi mata nan take. Mai ciwon hanta nau'in B da hantarsa ta ƙanƙance, jijiyoyin maƙoshinsa kan kumbura su fashe ya yi aman jini, dangi su ce olsarsa ce ta tashi. Yaron da ya yi mako biyu yana zazzaɓi sai cikinsa ya kumbura ya ƙi taɓuwa, taifot ne ya huda masa hanji, abin da likitocin tiyata a arewacin Najeriya da Nijar suka saba gani. Sannan ga dajin tumbi, wanda farkonsa ba shi da bambanci da ciwon ciki na yau da kullum, har ma yakan ɗan lafa da omeprazole, wannan sauƙin na ƙarya shi ke cinye watannin da tiyata za ta yi amfani.

Akwai alamomin da in sun bayyana, zancen lallaɓawa ya ƙare. Aman jini ko amai mai kama da garin kofi. Baƙin bayan gida mai danƙo da wari, wanda jini ne da ya narke, ko da yake ƙwayoyin ƙarin jini ma kan baƙanta shi. Ramewa ba dalili, abinci na tsayawa a ƙirji, amai mai naci musamman na abincin jiya, ƙarancin jini ga namiji ko macen da ta daina al'ada, ƙullutu a ciki. Haka kuma ciwon da ya fara sabo bayan mutum ya manyanta. Amurka ta sa iyakar da daga ita ake tura mutum leƙa ciki a shekara 60, Ingila 55, a wuraren da dajin tumbi ya fi yawa kuma ana saukar da ita zuwa 45 ko 50. Ciwon da ya soki mutum farat ɗaya, ciki ya sandare, ko numfashi na ƙara zafin, wannan gyambo ne ya huje, ruwan tumbi ya malala cikin ciki. Tiyata ce maganinsa, kuma duk sa'ar da aka ɓata a gida ana jiƙe-jiƙe tana rage damar tsira.

Leƙa ciki, wanda likitoci ke kira endoskofi, bai kai yadda ake tsoronsa ba. Tiyo ne mai laushi, kaurinsa wajen santimita ɗaya, da fitila da kyamara a bakinsa, wanda Basil Hirschowitz ya fara ƙera irinsa mai lanƙwasuwa a 1957. Mutum zai zo bai ci komai ba na sa'a shida zuwa takwas, a fesa masa maganin kashe zafi a maƙogwaro, aikin kuma bai cika wuce minti goma sha biyar ba. Da shi ake ganin gyambon, a tsinko ɗan nama don a duba ƙwaya ko daji, in jini na zuba a tsayar da shi nan take da allura ko maƙali ko zoben roba. Gyambon farkon hanji da wuya ya zama daji, amma na tumbi dole a tsinki namansa, a kuma sake leƙawa bayan wata biyu ko uku a tabbatar ya rufe. Asibitocin koyarwa na Kano da Zariya da Sakkwato da Maiduguri da Jos suna yi, da wasu masu zaman kansu a manyan birane. Mutumin karkara kuwa sai ya haɗa kuɗin mota da na aiki. Tunda ba za a iya leƙa kowa ba, hanyar da ta dace ita ce a ware: mai alamar haɗari ko mai shekaru a tura shi leƙawa ko da za a yi karo-karo, matashi marar alamar haɗari a yi masa gwajin bayan gida, in ƙwayar na nan a kashe ta, in babu a ba shi omeprazole na wata ɗaya ko biyu a gani.

Kashe ƙwayar ba aikin magani ɗaya ba ne. Tsarin da aka fi sani shi ne uku a haɗe har kwana 14: omeprazole ko ɗan uwansa sau biyu a rana, amoxicillin giram ɗaya sau biyu, clarithromycin miligiram 500 sau biyu. Omeprazole a nan ba don zafi kaɗai ake ba da shi ba, rage asid ne ke bai wa sauran biyun damar aiki, kuma rabin sa'a kafin abinci ake shansa. In aka yi nasara, dawowar gyambo kan sauka daga fiye da rabi zuwa ƙasa da ɗaya cikin goma. Wannan shi ne warkewar da ake cewa babu.

Sai dai ƙwayar ta fara gagara, kuma da hannunmu a ciki. Flagyl, wato metronidazole, ya zama abin da ake sha duk sanda ciki ya juya, amoxicillin da danginsa kuma ana sayensu ƙwaya huɗu ko shida don mura. H. pylori da ke zaune a tumbi tana ganin duk waɗannan suna wucewa kaɗan-kaɗan, tana koyon jure musu. Wani nazari na 2018 da ya tattara binciken ƙasashen Afirka ya sami wajen kashi uku cikin huɗu na ƙwayoyin ba sa jin metronidazole, kusan uku cikin goma kuma ba sa jin clarithromycin. Ƙa'idar masana ita ce in bijirewa clarithromycin ta wuce kashi 15 cikin ɗari a wuri, a bar tsarin ukun nan a koma na huɗu: omeprazole da bismuth da tetracycline da metronidazole. Ya fi ƙarfi, amma ƙwayoyin sha sun fi yawa, bismuth ba ko'ina ake samunsa ba, yakan kuma baƙanta harshe da bayan gida, abin da kan firgita wanda ba a gaya wa ba. Wasu ƙunshin da ake sayarwa a kwali ɗaya na kwana bakwai ne kawai, mutum ya shanye ya ɗauka ya gama alhali rabin hanya ya tsaya. Ga ɗacin baki da tashin zuciya da gudawa da ke sa wasu su ajiye maganin a kwana na biyar, daidai lokacin da zafin ya lafa. Duk wanda ya yi haka ya kashe raunanan ya bar masu taurin kai. Kuma lafawar zafi ba shaida ba ce. Mako huɗu bayan kammalawa ake komawa gwajin bayan gida ko na numfashi, in ƙwayar na nan a sauya haɗin, ba a maimaita clarithromycin.

Ko ya kamata a bi duk mai ɗauke da ita a ba shi magani? Japan ta doshi wannan hanya, tun 2013 inshorar lafiyarta ke biyan kuɗin kashe ƙwayar ga duk wanda aka ga kumburin tumbinsa. A ƙasar da mutum takwas cikin goma ke da ita, ruwan sha bai gyaru ba, magunguna kuma na yawo ba takardar likita, ina ganin yin haka zai ƙara wa ƙwayoyin cuta taurin kai ne kafin ya rage daji. Waɗanda bai kamata a bari ba su ne mai gyambon da aka tabbatar, wanda ya taɓa zubar da jini, wanda iyayensa ko 'yan uwansa na jini suka yi dajin tumbi, mai shan aspirin ko maganin ciwon gaɓoɓi na dogon lokaci, mai ƙarancin jinin da ba a gano dalilinsa ba, da mai ciwon ciki mai naci.

Batun abinci bai kai girman da aka ba shi ba. Yaji da tsami da goro da shayi mai kauri suna iya tayar da zafi, wanda suke damu ya rage, amma ba su ke haƙa gyambo ba, yunwa ma haka. Madara kan sanyaya na ɗan lokaci, daga baya ta sa tumbi ya ƙara fitar da asid. Ruwan kanwa yana kashe asid da gaske, shi ya sa ake jin gyatsa da sauƙi, amma gishiri ne mai nauyi ga mai hawan jini ko ciwon zuciya ko ƙoda, likitocin Zariya tun shekarun 1970 suka alaƙanta yawan kunun kanwa da ciwon zuciyar masu jego. Azumi kuma ba ya haifar da gyambo ga lafiyayye, sai dai likitocin tiyata a ƙasashen Musulmi da dama sun rubuta cewa hujewar gyambo kan ƙaru a Ramadan a tsakanin masu ɗauke da shi ba magani. Wanda ya san yana fama ya nemi gwaji da magani tun Rajab ko Sha'aban, wanda nasa ke zubar da jini kuma yana cikin marasa lafiyar da shari'a ta yi wa rangwame.

Saura mafi yawan jama'ar, waɗanda aka leƙa ba a ga komai ba, ko aka kashe ƙwayar ciwon bai tafi ba. A cikin masu ciwon ciki marasa gyambo, wajen mutum ɗaya cikin goma ne kawai kashe ƙwayar ke raba shi da ciwon, ya kamata a gaya musu haka tun kafin su sayi magani. Wasunsu ƙwannafi ne, asid ke hawowa maƙoshi saboda ƙofar tumbi ta saki, abin da ke taimaka musu shi ne rage ƙiba, barin kwanciya sai bayan sa'a biyu ko uku da cin tuwon dare, da ɗaga gadon ta wajen kai. Wasu kuma tumbinsu lafiya lau yake a ido, amma jijiyoyinsa sun cika jin abu, cikar da wani ba zai lura da ita ba su zafi take zame musu, damuwa da rashin barci na ƙara rura ta. Ciwonsu na gaske ne, kuma ba ya huda ciki, ba ya rikiɗa ya zama daji. In omeprazole na wata biyu bai yi ba, likita kan gwada ƙaramin awo na amitriptyline da dare don kwantar da jijiyoyin, ko maganin da ke hanzarta fitar abinci daga tumbi. Shan omeprazole shekara da shekaru ba tare da dalili ba yana rage shigar sinadarin ƙarfe da bitamin B12 cikin jiki, yana kuma sauƙaƙa wa cututtukan gudawa hanya tunda asid ɗin da ke kashe su ya ragu. Wanda ya daɗe a kansa kuma ba ya yankewa rana ɗaya, domin asid kan dawo da ƙarfi na mako biyu ko uku har ya zaci ciwon ne ya dawo. Ragewa ake yi sannu a hankali, daga kullum zuwa bayan kwana ɗaya, sannan sai ranar da zafin ya taso.